Yadda ake haɗa sifiku da yawa a amfilifaya ɗaya ba tare da an ƙona kaya ba

Abu na farko da ya kamata mutum ya sa a ransa shi ne amfilifaya ba ta ƙirga sifiku, ba ruwanta ko guda biyu ka jona mata ko goma, om kawai take ji. Wannan om ɗin shi ne lambar da zaka gani a bayan sifika kusa da mayen ƙarfen, an rubuta 4 ko 8 ko 16 da wata alama kamar kofaton doki a gefe (Ω). Ita ma amfilifayar in ka juya bayanta wajen da ake ɗaura waya zaka ga an rubuta mafi ƙarancin om ɗin da zata iya ɗauka, galibi 4, wasu manyan na masu kiɗan biki 2, wasu na gida kuma 6 ko 8. Toh duk aikin da zamu yi a nan bai wuce mu tabbatar cewa bayan an gama ƙulle-ƙullen waya, jimillar da zata isa bakin amfilifaya bata yi ƙasa da wannan lambar ba. Sau da yawa amfilifayar da ake kaiwa wajen mai gyara tana warin ƙuna ba wutar NEPA ce ta cinye ta ba kamar yadda ake ɗora mata laifi, wani ne ya ga akwai sauran wuri a bakin waya ya ƙara sifika ɗaya.

Om ɗin nan tirjiya ce, wato yadda sifika take hana wuta wucewa ta cikinta. In lambar tana da girma wuta kaɗan ce zata wuce, in ƙarama ce wuta mai yawa zata kwarara, kuma amfilifaya ce zata biya kuɗin wannan kwararar da zafin jikinta. Ka ɗauka amfilifayarka tana fitar da bolt 28. A kan om 8 zata tura amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke kwarara) uku da rabi, kusan wat 100 kenan. Ka sauko da ita om 4, amfiya 7 ake nema a wajenta, kusan wat 200. Ka sake saukowa om 2, amfiya 14. Bolt ɗin bai canza ba amma kaga yadda nauyin ya ninka sau huɗu, kuma tiransistocin da ke ciki ba don wannan aka yi su ba in dai ba a rubuta ba. Mai kyau zata kunna jan fitila ta ɗauke sauti ta kare kanta, mai araha kuwa zata yi ta ja har hayaƙi ya tashi.

Hanya biyu ce ake haɗawa, masu gyara suna ce musu faralal da siris, sai kuma ta uku wadda gamin gambizar biyun ce.

Faralal shi ne wanda kowa yake yi ko bai san sunansa ba. Ja da ja, baƙi da baƙi. Ka ɗauko jan wayar sifika ta ɗaya da jan wayar ta biyu ka murɗe su wuri ɗaya ka kai jan bakin amfilifaya, baƙaƙen ma haka. Akwatunan sifiku na haya masu rami biyu a baya, wanda ake shiga ta ɗaya a fita ta ɗayan zuwa akwati na gaba, su ma faralal ne a ciki, duk da a ido kamar jerin gwano suke yi, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa su ɗauka siris suka yi. A faralal om raguwa yake yi. Kamar masallacin Juma'a ne bayan an sallame, in ƙofa ɗaya ce a buɗe jama'a a hankali zasu fita, in aka buɗe ta biyu a gefe sai fitar ta ninka, siris kuma kamar a ce bayan ka kutsa ta ƙofar farko akwai wata matsattsiya a gabanta da sai ka sake bi. Lissafin ba wuya in sifikun duk om ɗinsu ɗaya ne, raba om ɗin guda ɗaya da yawansu kawai. Biyu masu 8 sun zama 4. Huɗu masu 8 sun zama 2. Uku masu 8 sun zama 2.7, kuma wannan ukun ita ce take yawan kashe amfilifaya mai om 4, don mutum yana ganin ai guda ɗaya kawai na ƙara. Biyu masu 4 sun zama 2. Huɗu masu 16 sun zama 4.

In kuma om ɗinsu ya bambanta, sai ka ninka su da juna ka raba da jimillarsu. Mai 8 da mai 4: 8 sau 4 talatin da biyu, a raba da 12, ya ba ka kusan 2.7. Mai 8 da mai 16: 128 a raba da 24, kusan 5.3. In sun fi biyu ka fara haɗa biyun farko ka samu amsa, sannan ka haɗa amsar da ta uku, haka har ka gama. Akwai wata hanya ta gane ko ka yi kuskure a lissafi, amsar faralal dole ta kasance ƙasa da mafi ƙanƙantar lamba a cikinsu, in ka haɗa 8 da 4 ka samu 6 toh sake lissafi.

Siris kuma sarƙa ce. Jan bakin amfilifaya ya tafi jan sifika ta ɗaya, baƙin sifika ta ɗaya ya tafi JAN sifika ta biyu, sannan baƙin ta biyu ya dawo baƙin amfilifaya. Wannan ƙullin na tsakiya, baƙi zuwa ja, shi ne yake tsorata sabon hannu don ya saba jin cewa ba a haɗa ja da baƙi, amma a nan daidai ne, kuma wannan wayar ta tsakiya bata taɓa amfilifaya ko kaɗan. Lissafinsa tarawa ce kawai, 8 da 8 sha shida, 4 da 4 takwas, 4 da 8 sha biyu. Amfilifaya irin ta yanzu mai tiransista bata jin ciwo in om ya yi yawa, hutawa ma take yi, illar kawai wat ɗin da zata bayar ya ragu, wadda take ba da 100 a kan om 8 zata dawo wajen 50 a kan 16, kuma sifiku biyu ne zasu raba wannan hamsin ɗin. Tsofaffin amfilifaya masu kwalba a ciki su ne ba sa son haka, su dole ka ba su daidai om ɗin da aka rubuta kuma kar a kunna su babu sifika.

Ni dai a ganina siris ba abin so ba ne sai da dalili, dalilin kuwa guda ɗaya ne, ɗaga om don amfilifaya ta tsira. Yana da matsala biyu. In kwayil (naɗin siririyar waya da ke cikin sifika) na guda ɗaya ya tsinke duka layin ya yi shiru, sai ka bi ɗaya bayan ɗaya kana neman mai laifi. Ta biyun kuma wadda ba a cika faɗa ba, lambar om da aka rubuta a jiki ba tsayayya ba ce, matsakaici ne kawai aka ɗauka, ainihin tirjiyar tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ke fita, a wani wuri na bes tana iya haura ninki uku ko fiye. Toh in sifikun biyu iri ɗaya ne kamfani ɗaya lamba ɗaya, tare suke hawa tare suke sauka babu wanda ya cuci wani. In kuwa ka haɗa inci 15 da inci 10 a siris, inda ɗaya ta hau sai ta shaƙe ɗayar, sautin ya fito wani iri, wani wuri ya yi yawa wani wuri ya ɓace, ka yi ta murɗa ikwalaiza a banza. Don haka siris sai tagwaye.

Yanzu ga inda abin yake da daɗi. Kana da sifiku huɗu masu om 8, amfilifayarka kuma bata sauka ƙasa da 4. Duka faralal 2 ne, ƙonewa kenan. Duka siris 32 ne, sauti kamar rediyon aljihu. Sai ka raba su gida biyu, na ɗaya da na biyu ka yi musu siris sun zama 16, na uku da na huɗu ma siris 16, sannan ka ɗauki waɗannan layukan biyu ka haɗa su faralal, 16 a raba biyu, ka dawo om 8 cif, kamar sifika ɗaya ka jona, kuma kowacce tana karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na wutar daidai wa daida. In takwas ne, layi huɗu na bibbiyu, 16 a raba huɗu, om 4. In shida ne, layi uku na bibbiyu ya ba ka 5.3, wannan ma lafiya lau ne ga amfilifaya mai 4. Kafin ka taɓa waya ka zana shi a takarda, da gaske nake, ka yi da'ira huɗu ka sa alamar ja da baƙi ka ja layukan, don in ka shiga cikin akwati kana riƙe da wayoyi takwas a hannu kanka zai ɗaure.

Guda uku ita ce mai taurin kai. Wasu suna yin biyu a siris su kawo ta uku su yi mata faralal a kai, lissafi ya ba da 5.3, amfilifaya ta ji daɗi, amma ka duba rabon, ita wadda take tsaye ita kaɗai tana shan ninki huɗu na abin da kowacce cikin biyun take samu, ita zata yi ta ihu sauran suna raɗa, kuma ita zata fara mutuwa. In kana da uku masu 8, gara ka sa biyu a tasha ɗaya ta amfilifaya (wato gefen hagu ko na dama) ɗayar a ɗaya tashar, ko ka haƙura ka ajiye guda.

Wannan ya kawo mu maganar rabon wuta. A faralal mai ƙaramin om ita ce take kwasar kaso mafi yawa, mai 4 zata ci ninki biyu na mai 8. A siris akasin haka ne, mai babban om ce take ɗaukar mafi yawa. Kuma wat ɗin da ka tara ba yadda ake tara kuɗi ba ne, in ka haɗa mai wat 300 da mai wat 100 dukansu om 8, wutar rabi da rabi zata rabu, don haka iyakarka 200 ce ba 400 ba, mai rauni ce take yanke hukunci. Wat ɗin ma ka nemi wanda aka rubuta RMS a gefensa, wancan PMPO da ake bugawa da manyan lambobi a jikin kwali, ka ga an rubuta dubu biyar a kan abin da zaka ɗauka da hannu ɗaya, na talla ne kawai.

Sai gwaji. Abu biyu kake buƙata kuma duka ba su da tsada, mita irin ta masu gyaran rediyo da batir ɗin tocila mai bolt ɗaya da rabi. Ka juya mitar zuwa wajen om mafi ƙanƙanta, yawanci 200, ka fara haɗa bakinta biyu ka ga me ta nuna, in ta nuna 0.4 misali toh wannan na wayar mitar ne, zaka cire shi daga duk abin da ka auna. Sai ka ɗora a kan sifika, ba tare da tana jone da amfilifaya ba. Kar ka yi mamaki in mai 8 ta nuna maka 6 ko 6 da ɗoriya, mai 4 kuma ta nuna wajen 3, haka yake, mita tana auna tsurar wayar kwayil ne shi ya sa kullum take nuna ƙasa kaɗan. Wannan yana da amfani sosai in ka sayi kayan gwanjo da takardar bayansu ta ɓare, ko wanda aka taɓa yi wa sabon kwayil, don mai naɗin ba lallai ya mayar da shi yadda yake ba. In ta nuna kusan sifili kwayil ya narke ya haɗe, in bata motsa ba ya tsinke. Bayan ka gama duk haɗin kuma ka sake aunawa a bakin wayoyi biyun ƙarshe da zasu shiga amfilifaya, in lissafinka ya ce 8 mita ta ce 6 shikenan, in ta ce ɗaya da rabi toh wani wuri ka yi faralal ba ka sani ba.

Batir ɗin kuma na gano ja da baƙi ne. Ka taɓa wayoyin sifika a kan batir na ɗan lokaci kaɗan, zaka ji ta yi ɗan ƙara "ɗuf" kuma faifan gabanta ya motsa. In ya turo waje, wayar da ke kan ƙoƙon batir (wajen alamar +) ita ce ja. In ya shige ciki ka juya. Abin da ya fi kyau ma, in ka gama haɗa duka huɗun ka taɓa batir a bakin ƙarshe ka sa yaro ya tsaya a gaba yana kallo, ko ka ɗora yatsu a hankali a kan faifan, dole duka su turo waje tare. In guda ɗaya tana shiga lokacin da sauran suke fita, toh iskar da suke turawa ita take zuƙewa, bes ya mutu, kuma wannan ne yake sa ka ji wani yana cewa na ƙara sifika amma duka ya ragu, sai ya ƙara murɗa boliyum har ƙarshe ya jawo wata matsalar. Amma kar ka yi wannan gwajin batir a kan tuwita (ƙaramar sifika mai siririn sauti) ko kan hon (mai baki kamar kakaki), kwayil ɗinsu siriri ne kuma ba ma zaka ga motsin ba, su ka bi alamar da ke jiki.

Tunda an ambaci tuwita, akwatin da ke da wufa (babbar sifika mai bes) mai om 8 da tuwita mai om 8 a ciki ba om 4 ba ne, in dai akwai kurosoba. Kurosoba tana raba aiki ne, sautin ƙasa ya tafi wufa na sama ya tafi tuwita, ba a lokaci ɗaya suke jan wuta a kan sauti ɗaya ba, don haka akwatin yana nan a 8. Abin kiyayewa shi ne kurosobar an lissafa ta ne a kan wani om, in ka ƙara wufa ta biyu a bayanta om ya koma 4, wurin da take yanka sauti ya gusa. Kuma tuwita ba a jona ta tsirara, ko ba komai a sa mata kafasita a jan wayarta, in ba haka ba bes ɗin farko zai tafi da ita.

Masu birij ku kula. In ka mayar da amfilifaya mai tasha biyu ta zama ɗaya don ƙarin ƙarfi, kowace tasha rabin om ɗin take gani, wato mai ɗaukar 4 a kowane gefe in an yi mata birij 8 ne ƙarancinta. Sannan birij da maɓallinsa ake yi yadda kamfani ya zana a baya, ba wai ka murɗe jan hagu da jan dama wuri ɗaya ba, wannan faɗa ka haɗa tsakanin tashoshin biyu.

A mota ma lissafin bai canza ba, sai dai sifikun mota galibi om 4 ne kuma rediyon gaban mota 4 yake so a kowace tasha, in ka ƙara biyu a bayan kujera ka jingina su a kan na ƙofa ka sauko da shi 2, zai yi ta zafi yana ɗaukewa. Kar kuma ka ɗaura baƙin wayar sifika a jikin ƙarfen mota ko ka haɗe baƙaƙen wuri ɗaya, rediyon yanzu kowace sifika da nata wayoyi biyu. Wufar but mai kwayil biyu, wadda zaka ga baki huɗu a jikinta, ka ɗauke ta kamar sifiku biyu a jiki ɗaya, in kowane kwayil 4 ne faralal ya ba ka 2 siris ya ba ka 8, ka zaɓi wanda amfilifayarka ta yarda da shi, amma kar ka bar kwayil ɗaya a sake.

Na masallaci da Islamiyya kuwa labarinsu daban, kuma a nan ne nake ganin an fi wahalar da kai a banza. Hon huɗu a saman hasumiya, akwatuna shida a ciki, biyu a ɓangaren mata, wasu a harabar waje saboda Juma'a da tafsirin azumi, duk a kan amfilifaya ɗaya, kowace shekara wani bawan Allah ya kawo sadakar guda a ƙara. Ba siris da faralal ɗin da zai fitar da kai a nan cikin daɗi. In ka duba bayan irin amfilifayar da aka fi sawa, su Ahuja da TOA, zaka ga jerin bakuna, COM, sai na om kamar 4 da 8 da 16, sai kuma 70V ko 100V. Wannan na ƙarshen don irin wannan aikin aka yi shi. Kowace sifika sai an sa mata ƙaramar taransifoma ta layi, wasu hon ɗin da ita suke zuwa a ciki, sai ka ja waya biyu daga COM da 100V ka zagaya da su ko'ina, kowace sifika ka rataya ta faralal. Ba lissafin om kuma, wat kawai zaka tara. A jikin taransifomar akwai zaɓin wat, 5 ko 10 ko 20 ko 30, na saman hasumiya ka ba su mai yawa na cikin ɗaki ka ba su kaɗan don kar su kurmantar da sahun gaba, jimillar dai kar ta kai ƙarfin amfilifayar, in mai wat 120 ce ka tsaya wajen 100. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauko hon mai om 8 ko 16 marar taransifoma a ɗaura a bakin 100V, amfilifaya mai wat 120 a wannan bakin om tamanin da wani abu take tsammani, ka ba ta 8, ko hon ya tafi ko ita ta tafi. Kuma ba a amfani da bakin om da bakin 100V a lokaci guda, ɗaya zaka zaɓa tare da COM.

Dalilin da ya sa layin 100V ya fi a wuri mai faɗi shi ne waya ita ma tana da nata om ɗin. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5 in ka ja ta mita 50, zuwa da dawowa mita 100 kenan, ta kai wajen om 1.2. A kan kaya mai om 4 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutarka a waya ya ƙare bai isa sifika ba. Mai kaurin 2.5 ta rage asarar zuwa wajen om 0.7. Wannan ma in jan ƙarfe ne na gaske, don kasuwa cike take da wadda alminiyom ce aka yi wa wanka da jan ƙarfe, ka kankare gashin da wuƙa in cikin fari ne toh ita ce, tirjiyarta ta fi yawa kuma saurin karyewa gare ta a wajen ƙulli. In dai ba layin 100V kake ba, ka matso da amfilifaya kusa da sifiku gwargwadon iko, kuma ka sayi mai kauri ko da kuɗin ya ɗan yi zafi.

Ƙullin kansa ka yi masa dalma in da hali, in babu ka murɗe shi tam ka naɗe da salatif kowace waya daban, gashi ɗaya tak da ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi ya isa. Duk wannan aikin amfilifaya a kashe ake yinsa. In zaka kunna ka mayar da boliyum ƙasa tukuna, ka ɗaga kaɗan, ka bi sifikun ɗaya bayan ɗaya da kunnenka ka tabbatar kowacce tana magana, sannan ka bar ta tana aiki kamar minti ashirin a matsakaicin ƙara ka ɗora hannu a jikinta. Ɗumi ba komai, amma in ba zaka iya barin hannunka a kai ba akwai magana. Kuma ko an rubuta tana ɗaukar om 2, a zafin watan Afrilu irin namu, a cikin rumfa, fankarta cike da ƙurar hunturun da ya wuce, ga janareta yana hawa yana sauka, ni a 4 zan bar ta in nemo amfilifaya ta biyu ta ɗauki sauran.